Yadda Ake Zama a Otal Mai Araha a Makka Lokacin Zafi

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin kamfanin jirgin yawo yana cinikin kujerar Umra ya san wannan magana: "Alhaji, masaukinmu kusa da Harami yake, minti goma ka isa." Ba lallai ne ƙarya suke yi ba. Abin da ba su faɗa maka shi ne minti goman na wane ne, kuma a wane wata. Minti goman saurayi ɗan shekara 25 da asubar Janairu daban yake da minti goman gyatumarka mai ciwon gwiwa da ƙarfe ɗayan ranar Yuli.

Umrar masu ƙaramin ƙarfi a 'yan shekarun nan ta faɗo cikin tsananin zafi. Kuɗin ɗaki yana sauka ne bayan alhazai sun watse, wato Muharram da Safar zuwa farkon Rabi'ul Awwal, kuma a 2025 waɗannan watanni sun kama ne daga wajejen ƙarshen Yuni zuwa Satumba. A lokacin, zafin rana a Makka yakan kai digiri 43 ko ya wuce, dare ma ba wani sauƙin kirki yake kawowa ba. Ranar 17 ga Yunin 2024, ana tsakiyar aikin Hajji, an auna digiri 51.8 a Masallacin Harami, kuma hukumomin Saudiyya sun ce mutum 1,301 suka rasu a Hajjin shekarar, mafi yawansu waɗanda suka zo ba da izinin Hajji ba, suka yi ta tafiya a rana babu masauki babu mota. Mutumin Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas zai ce ai mun saba da rana. Haka ne. Amma a gida in rana ta take, gindin darbejiya ake nema a shimfiɗa tabarma. A Makka kuwa kiran sallah ne zai fito da kai kan kwalta, tsakanin duwatsu da dogayen gine-gine da suka wuni suna shan rana.

Saboda haka a otal mai araha abu uku kake saye da kuɗinka: tazarar da ke tsakaninka da Harami, sanyin ɗaki, da lifta. Fentin bango da fitilun ado na ƙofar shiga, waɗanda su ake sakawa a hoto, ba su za su kai ka sallar Azahar ba.

Mataki na farko: zaɓi unguwa kafin ka zaɓi otal

Makka kwari ce tsakanin duwatsu, don haka in aka ce maka mita 800, tambaya ta gaba ita ce: hawa ne ko gangara?

Titin Ibrahim Khalil da unguwar Misfala suna kudu da Harami, kuma nan ne mafi yawan mutanenmu suke sauka. Hanyar miƙaƙƙiya ce, babu hawa mai wahala, shaguna da gidajen abinci a jere dama da hagu, kuma kana tafe za ka ji Hausa a bakin mutane. Kuɗin ɗaki yana raguwa gwargwadon yadda kake nisa da hasumiyar agogo, dogon ginin nan da ke dab da Harami. Ɓangaren Ajyad kuwa a taswira ya fi kusa, amma wasu titunansa hawan dutse ne. Tafiya Harami gangara ce mai daɗi, dawowa ce ke fitar da harshe, musamman bayan ka yi ɗawafi ƙafa ta yi laushi. Jarwal tana ta arewa maso yamma, wajen sabon ɓangaren Harami da ake kira faɗaɗawar Sarki Abdullahi. Sai Aziziyya da Mahbas al-Jin da Kudai, waɗanda ba a zuwa Harami daga cikinsu a ƙafa, sai da mota. Ɗakunansu galibi sun fi girma, ginin ya fi sabunta, kuɗin ya fi sauƙi.

A nan ake ruɗin mutane da kalmar "motar kyauta". Otal zai ce yana da bas mai kai baƙi Harami dare da rana. To, bas ɗin ba ya sauke ka a bakin ƙofar masallaci. Akwai tashoshin da aka ware, daga nan sai ka ƙarasa da ƙafa. Dab da lokacin sallah 'yan sanda kan rufe hanyoyin da ke kusa da Harami, motoci su tsaya. Bayan sallar Isha'i kuma, lokacin da kowa ke son komawa, sai ka ga mutum ɗari biyu suna kokawar hawa bas ɗaya, tsofaffi suna gefe suna kallo. Don haka ka tambaya: a wace tasha bas yake saukewa, bas nawa ne, kuma na otal ɗin ne shi kaɗai ko na tarayya ne da wasu otal biyar.

Yi wannan lissafin a takarda. A ce ɗakin nesa ya fi na kusa araha da riyal 60 a kowane dare, amma ku huɗu ne, ciki har da tsohuwa, kuma kullum sai kun hau tasi sau biyu saboda bas ya gagara. In kowace hawa riyal 25 ce, ribar ta koma riyal 10, ga gajiya kyauta. Riyal 3.75 ne dala ɗaya, kuma an daɗe a haka, don haka da dala za ka auna, ba da naira ko sefa mai hawa da sauka ba. Ra'ayina shi ne: in da tsoho a tafiyar, a matsa kusa ko da ɗakin ƙarami ne. In matasa ne zalla, Aziziyya ba ta da laifi.

Mataki na biyu: tabbatar da ɗakin tun kana gida

Tun watan Yunin 2025 Ma'aikatar Hajji da Umra ta Saudiyya ta sa sharaɗi cewa ba a bayar da bizar Umra sai an nuna an kama masauki a wurin da Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido ta ba lasisi, kuma an shigar da yarjejeniyar a dandalin Nusuk Masar. Wato zamanin "in mun isa ma nemi wuri" ya wuce. Wannan ya amfane ka, domin yanzu akwai sunan otal a rubuce da za ka riƙe kamfani da shi.

Ka yi mu'amala da kamfanin da ke da lasisin hukumar alhazai, wato NAHCON in a Najeriya kake, ko COHO in a Nijar kake. Ka nemi su rubuta maka sunan otal, da titin da yake, da ranar shiga da ta fita, da adadin gadajen ɗaki. In ka ga an rubuta sunan otal sannan an ƙara da "ko makamancinsa", tsaya nan. Wannan 'yar kalmar ita ce ƙofar da ake bi a kai ka bayan dutse.

Da ka samu sunan, buɗe Google Maps ka auna tafiyar ƙafa daga otal zuwa Ƙofar Sarki Abdul'aziz, mai lamba 1, ko Ƙofar Sarki Fahad, mai lamba 79, ba zuwa bakin farfajiya ba. Farfajiyar kanta doguwar tafiya ce, kuma babu inuwa. Sannan ka karanta abin da baƙin da suka sauka a wurin suka rubuta, amma na watannin nan, ba na shekara uku da suka wuce ba. Kada yabo ya ɗauke maka hankali. Kalmomi huɗu za ka nema: esi, lifta, ruwa, kuɗin cizo. Ka kalli hotunan da baƙi suka ɗauka da wayarsu, ba na masu otal ba.

In da kanka kake biya ta intanet, duba ko an haɗa haraji a kuɗin. Harajin kaya a Saudiyya kashi 15 cikin ɗari ne tun Yulin 2020, kuma akwai kuɗin hukumar birni da ake ɗorawa a kan ɗakunan otal. Farashin da ya yi maka daɗi a shafin farko yakan kumbura a shafin ƙarshe.

Za ka haɗu da masu cewa akwai wani gida a lungu, rabin kuɗi, babu takarda. Ka ba su haƙuri. A Janairun 2006 wani tsohon masaukin alhazai ya rufta a titin Gazza, dab da Harami, mutum 76 suka rasu. Lasisin nan ba ado ba ne, alama ce cewa an duba ginin da hanyar fita in gobara ta tashi.

Mataki na uku: abin da za ka sa a jaka

Buta ƙarama ta roba. Za ka ga dalili nan gaba. Lema, fara ta fi. Silifa mai kaurin ƙasa, da 'yar jakar rataya da za ka riƙa saka ta in ka shiga masallaci. Sabulu da man shafawa marasa ƙamshi, domin sabulun otal yana da turare, kai kuma kana cikin ihrami. Basilin na shafawa a matsematsi. Namijin da ya taɓa yin sa'ayi cikin gumi babu wando ya san abin da nake nufi. Igiyar shanya da 'yan maƙalai. Ƙunshin gishiri da sukari na kemis. Ƙaramin kwaɗo na jaka.

Soket ɗin Saudiyya mai baki uku ne irin na Najeriya da Gana, don haka cajarka za ta shiga. 'Yan Nijar da Chadi da Kamaru masu caja mai baki biyu su zo da adafta. Ku kuma taho da wayar wuta mai baki da yawa, domin ɗakin mutum huɗu yakan zo da soket biyu, ɗaya ma firji ya riga ya kama.

Goro a bar shi a gida, an hana shiga da shi. Maganin da likita ya rubuta maka ka zo da shi cikin kwalinsa tare da takardar likitan. Kada ka karɓi saƙon kowa a filin jirgi, ko da ya yi maka rantsuwa cewa kuka ce da daddawa. Hukuncin safarar ƙwaya a Saudiyya yana kaiwa ga kisa.

Mataki na huɗu: minti goma sha biyar na farko a ɗaki

Daga Jidda zuwa Makka tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci ce a mota. Akwai kuma jirgin ƙasa na Haramain da ya fara aiki a 2018, yana tashi daga filin jirgin sama, sai dai ana ƙayyade kaya, kuma tasharsa ta Makka tana unguwar Rusaifa, sai ka ƙara da tasi. Galibin otal-otal na Makka sai wajen ƙarfe huɗu na yamma suke ba da ɗaki. In jirginku da asuba zai sauka, a shirya wannan da kamfani tun a gida, in ba haka ba za ku wuni a kan kujerun ƙasa cikin ihrami kuna gyangyaɗi.

A wurin karɓar baƙi za su nemi fasfo su ɗauki hotonsa. Ka tsaya a dawo maka da abinka. Kafin a miƙo maka kati, ka roƙi abu uku cikin fara'a: bene na ƙasa-ƙasa, ɗakin da tagarsa ba ta kallon yamma, da katin ɗaki biyu.

Maganar bene tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Ginin hawa goma sha biyar mai lifta biyu ko uku, bayan an sallame sallah duk mutanensa a tare suke dawowa. Na taɓa tsayawa fiye da minti ashirin a layin lifta bayan Isha'i, wani dattijo a gabana ya gaji ya zauna a kan tayil yana tausa gwiwa. In kana hawa na biyu ko na uku, matakala ta ishe ka. Amma ka lura, a Makka ana saka benen gidan abinci da na masallaci da wani na tsakiya kafin a fara ƙirga hawa na ɗaya, don haka "hawa na uku" yana iya zama na shida a ƙafarka. Bene na ƙarshe kuma ka guje shi, rufinsa ne ke wuni a rana. Ɗakin da ba shi da taga, ko wanda tagarsa ke kallon bangon maƙwabta, kada ka raina shi. A watan Yuli shi ne ɗakin sarki.

Da ka shiga, kada ka buɗe jaka tukuna. Kunna esi, kai shi ƙarshe, ka sa tafin hannu a bakinsa. In bayan minti biyar iska ce kawai ba sanyi, matsala ce. In irin na taga ne, tsohon yayi, saurari ƙararsa: wani yana ruri kamar injin niƙa, kuma da shi za ka kwana. Duba ko yana ɗigar da ruwa a kan gado. Ɗaga zanen gado ka haska fitilar waya a ɗinkin gefen katifa da bayan allon gado; ɗigo-ɗigon baƙi alamar kuɗin cizo ce. Shiga banɗaki, buɗe famfo, ja ruwan masai, zuba ruwa a ƙasa ka ga ko yana wucewa ko yana taruwa. Buɗe firji ka taɓa cikinsa. Gwada kulle ƙofa daga ciki. Leƙa waje ka ga inda matakalar gudun gobara take, ka nuna wa 'yan ɗakinku.

In akwai abin da bai yi ba, yanzu ne lokacin sauka ƙasa, jakarka a hannu. Wanda ya shimfiɗa kayansa ya kwana ɗaya ya riga ya karɓi ɗaki. Ba ka buƙatar Larabci mai yawa. "Mukayyif kharban" na nufin esi ya lalace. "Ghurfa saniya", wani ɗakin. "Ma fi moya", babu ruwa. "Mas'ad" ita ce lifta. Da yawan ma'aikatan 'yan Bangaladash ne da Pakistan da Masar da Yaman, su ma da guntun Larabci suke aiki, don haka babu mai yi maka dariya. Sallama da murmushi sun fi ɗaga murya saurin fitar da ɗaki mai kyau.

Kati na biyun kuwa ga amfaninsa: a ɗakuna da yawa sai an zura kati a wani rami kusa da ƙofa wuta take kamawa. Ka fita da katin, esi ya mutu, ka dawo bayan awa huɗu ka tarar da tanda. In ɗaya yana cikin ramin, ɗakin zai jira ka da sanyinsa.

Kafin ka fita ko nan da can, ɗauki katin adireshin otal guda da yawa, kowa ya sa ɗaya a jakar wuyansa. Ɗauki hoton ƙofar otal da allon sunansa, ka ajiye wurin a taswirar waya. Tsofaffinmu sun fi ɓata a daren farko, domin gine-ginen duk kama ɗaya suke yi musu.

Mataki na biyar: ruwa da esi

Ga abin da ba wanda ya gaya mini sai da na ƙone. Ran da na fara sauka a wani otal a can ƙasan Misfala, na shiga banɗaki bayan Azahar, na ɗauki 'yar tiyon tsarki na matsa. Ruwan da ya fito kamar an sauke shi daga murhu. Tankunan ruwa a kan rufi suke, rana tana dafa su tun safe, bututun ma a jikin bango yake. Don haka a watannin nan famfon da aka yi wa alamar sanyi shi ne mai zafi.

Dabarar mazauna ƙasar ita ce a kashe hita gaba ɗaya, in ɗakin yana da tasa ta kansa. Ruwan da ke cikin tankin hita yana cikin gini, a inuwa, sai ya huce, famfon ruwan zafi ya koma na sanyi. In babu hita a ɗakin, ka tari ruwa a bokiti da buta tun da asuba, ka ajiye a banɗaki. Butar nan da ake yi maka dariya a filin jirgi, ranar za a zo aro. Kullum ka fara taɓa ruwa da bayan hannu, musamman kafin a yi wa yaro wanka.

Ruwan famfon Makka ruwan teku ne da aka tace a Shu'aiba, bakin Bahar Maliya. Ya yi wanka da alwala da wanki, amma tsaftar tankin ƙaramin otal ba abin dogaro ba ce, don haka na sha a sayi na roba. Katan ko babbar jarka a kantin unguwa ta fi araha nesa ba kusa ba a kan sayen ɗaiɗai a shagunan gindin hasumiya. A cikin Harami kuma ga Zamzam kyauta. Wasu randunan an rubuta a jikinsu cewa ba mai sanyi ba ne. In maƙogwaronka ya fara kaushi, su za ka nema.

Esi kuwa shi ne abin faɗan 'yan ɗaki ɗaya. Wani yana so a kai shi 16, wani yana rawar ɗari cikin bargo. Ku daidaita a wajen 23 ko 24 tun daren farko. Fitowa daga zafin digiri 44 cikin jiƙaƙƙiyar riga a faɗa ɗaki mai sanyin ƙanƙara, ga busasshiyar iska, ga cunkoson jama'a daga ko'ina a duniya, su ne ke haɗuwa su ba mutum tarin nan da ake dawowa da shi gida. Canza riga da zarar ka shigo. Kada a kwanta saitin bakin esi. Tsoho a ba shi gadon da ya fi nisa da shi. Jiƙa tawul ka rataya a ɗaki da dare, yana rage bushewar hanci. Labule a rufe tun safe har faɗuwar rana.

Mataki na shida: tsara wuni yadda rana ba za ta same ka a hanya ba

Umrar kanta kada ka yi ta da rana don ɗoki. Ka isa masauki, ka ci abinci, ka yi barci da ihraminka, sai dare ya raba ko bayan Isha'i ka fita. Sa'ayi kaɗai, kai-komo bakwai tsakanin Safa da Marwa, ya kai kusan kilomita 3. Farin marmaran filin ɗawafi, wanda aka kawo daga tsibirin Tasos na ƙasar Girka, ba ya ɗaukar zafi sosai, amma kwaltar titi da wasu sassan farfajiya suna ƙona tafin ƙafa. In silifarka ta ɓata, kada ka ce bari in lallaɓa haka. Sayi wata a shagon farko.

Mai masauki nesa ba ya zuwa Harami sau biyar. Sau biyu yake zuwa, ya daɗe. Fita ta farko kafin Asuba, a yi ɗawafi in da hali, a dawo bayan fitowar rana kafin ƙarfe takwas. Daga nan barci. Fita ta biyu, ko dai a tafi kafin La'asar da lema a hannu, ko a bari sai rana ta yi sanyi a tafi Magariba, a zauna har Isha'i. In ka zaɓi ka yi Azahar a Harami, ka shiga tun wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ka nemi wuri a faɗaɗawar Sarki Fahad ko ta Sarki Abdullahi inda esi ke aiki, ka zauna da Alƙur'aninka har La'asar. Ita kanta gwamnatin Saudiyya ta hana a sa leburori aiki a rana daga ƙarfe 12 zuwa 3, tun daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba. Abin da aka hana wa mai haƙa rami, kada ka ɗora wa mahaifiyarka.

Ranar Juma'a a fita da wuri sosai. In masallaci ya cika, fitilun ƙofofi sukan koma ja, a rufe shiga, wanda ya makara ya yi sallah a farfajiya ko a kan titi, rana a tsakiyar kai.

Wasu tsofaffi ba sa yarda su yi sallah a masallacin unguwa, suna ganin ladar sallah dubu ɗari za ta wuce su. Malamai sun yi saɓani a kan wannan: wasu sun taƙaita falalar ga masallacin Ka'aba, wasu da yawa kuma sun ce ta game dukkan iyakar Haramin Makka, wadda Misfala da Aziziyya suke cikinta. Ka samu malamin tawagarku ya yi musu bayani da bakinsa, sun fi jin tasa a kan taka.

Mataki na bakwai: ci da lafiyar jiki

An hana girki a ɗakunan otal, kuma da dalili. Gobarar Mina ta 1997, wadda ta ci mutum sama da 300, daga tukunyar gas ta tashi. Butar lantarki ta dafa shayi ta isa. Da safe ful da tamis, wato dafaffen wake da faffaɗan burodi mai zafi, suna da araha kuma suna riƙe ciki. Da rana shinkafar bukhari da rabin kaza tana isar mutum biyu. Albaik, gidan sayar da soyayyar kaza, kowa ya san shi, layinsa ma haka. Ka ajiye laban, wato nono, da dabino da burodi a ɗaki saboda tsakar rana, lokacin da fita sayen abinci ba ta taso ba.

In kewar tuwo ta kama ka, akwai 'yan uwanmu Hausawa da suka daɗe a Makka, wasu tun kakanni, musamman wajen Shara Mansur, kuma za ka samu tuwo da miyar kuka da waina a wajensu. Sharaɗin dai ɗaya ne da na kowane abinci a wannan yanayi: ka saya da zafinsa, ka ci a lokacin. Miyar da ta yi awa uku a leda a cikin wannan zafi ba ta ciyuwa.

Kada ka jira ƙishirwa. Ma'aunin da ya fi sauƙi shi ne launin fitsari: in ya yi duhu, ruwa ya yi ƙaranci a jiki. Tsofaffi sukan ƙi shan ruwa don gudun neman banɗaki da sake alwala, a sa musu ido. In ƙunshin kemis ya ƙare, lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali shida na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Masu ciwon sukari da hawan jini su tambayi likitansu tun a gida yadda za su yi da magungunansu a zafi, insulin kuma a firji ake ajiye shi.

Jiri, ciwon kai, tashin zuciya da murɗawar ƙafa alamun rana ta fara taɓa mutum ne: a kai shi inuwa, a ba shi ruwa, a jiƙa masa jiki. In kuwa ya fara sambatu, ko bai gane mutane, ko jikinsa ya yi zafi rau, ko ya suma, wannan ba ta tofi da fifita ba ce kawai. A kira 911 ko 997, ana jira ana zuba masa ruwa a jiki. Akwai asibitin gaggawa na Ajyad dab da Harami, akwai ɗakunan shan magani a cikin masallacin, kuma bizar Umra tana zuwa da inshorar lafiya ta gaggawa.

Mataki na takwas: zama da ma'aikata, da ranar fita

A ƙaramin otal ba kullum ake share ɗaki ba sai ka nema. Ka san sunan mai kula da benenku, ka gaishe shi, ka ɗan sa masa wani abu a hannu tun ranar farko; tawul da zanen gado ba za su yi maka wuya ba. Wanki da kanka ya fi, domin riga a wannan gari cikin awa biyu ta bushe. Kuɗi da fasfo kada a bar su a ƙarƙashin filo. In babu akwatin ajiya, jakar wuya ce ma'ajinsu.

In esi ya mutu ko ruwa ya ɗauke aka yi ta ce maka "bukra", wato gobe, ka ɗauki bidiyo, ka kira wakilin kamfaninku na Makka, wanda ya kamata ka karɓi lambarsa tun kafin ka bar gida. In abin ya gagara, Ma'aikatar Yawon Buɗe Ido tana karɓar ƙorafi a kan otal-otal ta lamba 930, kuma ambaton lambar kaɗai a gaban kanta yakan sa a nemo mai gyara.

Fita galibi ƙarfe goma sha biyun rana ce, daidai lokacin da ba a son tsayuwa a titi da kaya. Tun daren jajibiri ka tambaya ko za su ƙara maka awa biyu, ko su ajiye jakunkuna a ɗakin kaya har motarku ta zo. In sun karɓa, a manna sunanka da lambar waya a kowace jaka. Ka haɗa kaya da dare, ka sauko da su da sassafe kafin lifta ta cika, domin ranar da tawaga za ta tashi jaka arba'in ce ke layi. Duba firji, bayan ƙofar banɗaki da soket, nan ake mantuwar magani da ihrami da caja. Karɓi rasit in ka biya wani abu. Kada ka wahalar da kanka da cika jarkoki da Zamzam ka cusa a akwati, kamfanonin jirgi ba sa yarda da shi a cikin kaya. A filin jirgin Jidda ko na Madina ake sayen jarka mai lita 5 da aka riga aka naɗe, ɗaya ga kowane mai Umra, kuma za a nemi fasfonka, don haka ya kasance a hannu ba a ƙasan jaka ba.